Ungozoma da Naƙudar Damisa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun kasa kunne.

Wata tsohuwar ungozoma ce, Iya Tsahare. Idonta ya yi rauni, ba ta ganin abin da ya wuce tsawon sandarta. Amma fa kunne, kada ka soma gulmarta ko daga bayan danga. 'Yarta ɗaya tal, Lantana, tana aure a wani ƙauye bayan dutse. Cikin fari gare ta, an shirya za ta zo gida goyon ciki, sai naƙuda ta riga kowa. Da hantsi wani mai tallan gishiri ya kawo saƙo, wai tun jiya Lantana ke durƙushe, haihuwa ta ƙi zuwa.

Iya ta ƙulle saiwoyinta da man kaɗanya a bakin zane, ta ɗauki sanda, ta faɗa daji.

Tana cikin tafiya sai ta ji rurin Zaki, ƙasa har rawa take. Ta tsaya ta saurara, sai ta ji rurin ya ƙare da gyatsa. Ta ce a ranta wannan ya ƙoshi, da yunwa yake ji da shiru zai yi. Ta yi masa barka da hutawa, ya amsa da hamma, ta wuce.

Can gaba sai ta ji Kura tana ƙyalƙyala dariya. Ta san ta samu mushe ke nan. Kura ta ce, bakinta cike, "Iya, yi a hankali, ina gamawa zan zo in raka ki." Iya ta yi godiya, ta ƙara sauri, don ta san irin rakiyar Kura.

Da ta iso gindin dutse sai ta ji Damisa. Kukan Damisa dai kamar ana yanka katako da zarto yake. Amma wannan sai ya taso, ya yanke, ya koma nishi, jim kaɗan ya sake tasowa. Iya ta gane naƙuda ce. Ta yi shekaru tana jin irin wannan nishi a ɗakunan mata.

Ta tuna Lantana, ta yi gaba. Nishin ya sake tasowa. Sai ƙafarta ta ƙi tafiya, ta juya ta lallaɓa cikin kogon da nishin ke fitowa.

Damisa ta ce, "Tsohuwa, ba kya tsorona?"

Iya ta ce, "Ina ji mana. Amma ban taɓa wuce mai naƙuda ba. Gyara kwanciya."

Ashe ɗan a gicciye yake. Iya ta shafa man kaɗanya, ta yi ta mulmula cikin har ya juya, sai ga 'ya'ya biyu sun faɗo. Ko da ta fito, la'asar ta yi. Hanya kuwa sai ta zagaye dutsen kaf. Iya ta zauna ta fashe da kuka, ta ce ta ceci 'yar wani, tata za ta tafi.

Damisa ta ce akwai mashigi ta tsakiyar dutse, gajere ne, sai dai mai ido ma ɓata yake a ciki. Ta ce, "Zan hau sama in yi ta kuka. Ki sa muryata a ƙeyarki. In kika ji ta a kunnen dama ko na hagu, kin kauce."

Ta ja jiki, da ɗanyen jegonta, ta hau dutse ta soma. Iya ta shiga mashigi. In ta karkata, sai kunne ya gaya mata, ta gyara. Kura da ta biyo sawu don rakiya, tana jin wannan murya sai ta tuna ta bar wani aiki a gida.

Kafin magariba Iya ta isa. Ta tarar mata sun yi jugum, Lantana ta galabaita. Ta durƙusa, ta yi abin da ta saba, sai jaririya ta tsala kuka. Iya ta rungume ta tana hawaye, ta ce yau ta ji Zaki, ta ji Kura, ta ji Damisa, amma ba ta ji murya mai daɗin wannan ba.

Tun daga ranar, in Damisa ta yi kuka a kan dutse kowa sai ya kira 'ya'yansa gida. Iya kuwa sai ta juya wajen dutsen, jikarta a baya, ta ce, "Mun gode, mai jego. Mu ma muna lafiya."

To, ku ji, in wani na kuka ku saurara ku gane abin da ke damunsa kafin ku gudu.

Ƙurunƙus, ta ƙare a nan.