Shafin da Baba Mani Ya Sa wa Bismilla

Ya 'yan uwa, na baya ku matso, masu hira ku dakata. Yau a kan amana za mu yi magana, kuma labari zan ba ku.

An yi wani mutum a ƙasar Sabuwa. Ba zan faɗi sunansa ba, domin yana da 'ya'ya, kuma ƙofar tuba ba ta rufe ba. Mutum ne mai boko, mai daɗin baki, sahun gaba ba ya wuce shi. In ya tsara takarda da Turanci, ko wanda ya zo da niyyar ƙi sai ya tsaya ya karanta.

Kun san ƙaramar hukuma ba ta da ƙarfin babban aiki. In ana son gada ko kwalta, sai an je Katsina an roƙi 'yan majalisar jiha su sa aikin cikin kasafin shekara. Shekara da shekaru mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa suna zuwa a rarrabe, kowa da buƙatu ashirin, a rasa wadda za a kama. Sai wani ɗan majalisa ya ba su shawara. Ya ce su haɗa kai su kawo takarda ɗaya, abin da suka sa a lamba ta ɗaya kuma shi zai tsaya a kansa har ya shiga kasafi. Sauran sai wata shekara.

Aka kafa kwamitin haɗin gwiwa. Kansiloli, dagatai, masu unguwanni, limamai, shugabannin manoma da na mata, duk aka zauna. Wa za a ba alƙalami? Kowa ya nuna mutumin nan. Ya zama sakatare.

Aka yi ta ja-in-ja tun hantsi har la'asar. Na Ƙanƙara suna son ɗakin haihuwa, na Faskari suna son rumbun ajiyar hatsi. Sai aka kawo maganar Rafin Tsamiya. Ƙauyuka goma sha ɗaya ne a ƙetarensa. Da damina ta kankama, shi ke nan, an yanke su da duniya. Masara ta ruɓe a gida, motar jami'an tsaro ma sai ta tsaya a bakin ruwa tana kallo. In mace ta kasa haihuwa, ƙyauren masallacin Unguwar Mani ake cirewa a kwantar da ita a kai, maza shida su ɗauka a ka, su bi igiya su ƙetare. Saboda yawan cirewa, an ma daina buga wa ƙyauren ƙusa, jingine shi kawai ake yi.

Wani dattijo daga Ƙanƙara ya miƙe ya ce, "Mu ko ba komai muna da kwalta. A ba su gada, mu ma jira." Na Faskari suka ce sun yarda. Aka sa gada a lamba ta ɗaya.

Takardar shafi huɗu ce. Shafin farko jerin buƙatu, sauran ukun sa hannu da dangwale. Da aka zo kan Baba Mani, mai unguwar ƙetaren rafi, sai ya ce a dakata. Tsoho ne da bai san ko harafi ɗaya na boko ba, amma yana da wata al'ada. Ba ya dangwala yatsa a takarda sai ya rubuta bismilla a samanta. Ya zaro 'yar kwalbar tawada da alƙalamin kara daga aljihu, ya jawo shafin farko, ya rubuta a can sama da hannunsa. Matasa suka yi ta murmushi. Shi ko a jikinsa.

Aka danƙa wa sakatare takarda ya kai Katsina.

To, ga inda Shaiɗan ya shigo. A lamba ta huɗu akwai wata 'yar hanya da ake so a zuba wa kwalta, kuma hanyar ta gaban gonar sakatare ta bi. Ya daɗe yana mafarkin jera shaguna a bakin gonar nan. Zuciya ta ce masa, "Ai ba cire gadar za ka yi ba. Jeri kawai za ka sauya, huɗu ta koma ɗaya, ɗaya ta koma huɗu. Mutanen da suka yi shekara arba'in suna ƙetarewa, shekara ɗaya ce za ta gagare su?"

Kun ji yadda yake zuwa? Ba ya ce maka ka yi sata. Cewa yake ka gyara jeri.

Mutumin ya tsaya a Funtuwa, ya shiga shagon masu kwamfuta, aka buga masa sabon shafin farko. Ya ɓanɓare fil ɗin da ya haɗe shafukan, ya cire na gaskiya, ya sa na ƙarya, ya mayar da fil. Hannayen dattawa sittin da wani abu suka koma ƙarƙashin maganar da ba su faɗa ba.

Saura tsohon shafi. Ya kama shi zai yaga, sai idonsa ya faɗa kan bismillar Baba Mani. Hannunsa ya tsaya. Yaya zai yaga sunan Allah? Yaya zai jefa shi a kwata? Ya ninke shi da ladabi ya sa a aljihun gaba, da ya koma gida kuma ya buɗe Alƙur'aninsa na ɗaki ya ajiye shi a tsakiya, har da sumbata.

Ya 'yan uwa, ku duba wannan wauta. Ya ji tsoron yaga sunan a takarda, amma bai ji tsoron Mai sunan ba.

Ya kai takarda Katsina aka karɓa. Ya dawo ya ce wa jama'a komai ya tafi daidai, aka yi ta sa masa albarka. Ya sayar da shanunsa, ya sa aka fara buga bulo a bakin gona. Masu wucewa suna tambaya, yana cewa rumbu zai gina.

Ana nan cikin watan Satumba, aka kwana biyu ana ruwa. Ranar Talata da hantsi aka kira shi a waya. 'Yarsa ta fari, Hajaratu, wadda ko sunanta ba ya kamawa saboda kunya, a Unguwar Mani take aure. Tun jiya take naƙuda, abu ya ƙi.

Ya figi mota shi da matarsa Suwaibatu, suka zo bakin rafi suka tsaya. Nan mota ta ƙare. Ruwa ja wur, yana tafe da itatuwa. Daga can ƙetare ya hango maza shida sun shigo ruwa da ƙyaure a ka, Baba Mani a bakin gaɓa yana riƙe da ƙarshen igiya. Ruwa ya kai musu ƙugu, ya kai ƙirji. A tsakiya ƙafar na gaba ta zame, ƙyauren ya karkata, ya ga hannun 'yarsa ya zubo yana lilo. Suwaibatu ta durƙushe tana salati. Shi kuwa tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba, domin shi kaɗai a wurin ya san abin da ya aikata. Ya ce a ransa, "Ya Allah, ka fitar da ita, gobe-goben nan zan je Katsina in gyara."

Allah ya fitar da ita. Aka kai ta asibiti a Funtuwa, aka yi mata aiki, aka ciro 'ya mace da ranta. Uwa lafiya, jaririya lafiya. Mutumin ya jingina da bango ya yi kuka don farin ciki.

Gobe ta zo. Ya je Katsina? Bai je ba. Ya ce sai an sallame su tukuna.

Kwana uku bayan haka Baba Mani ya zo dubiya. Suwaibatu ta riga ta ɗauko Alƙur'anin mijinta daga gida tana karantawa a gefen gado. Tsoho ya ce a miƙo masa ya karanta wa jaririya wani abu. Yana buɗewa, takarda ta faɗo a cinyarsa. Bai iya karanta ta ba, amma ya san hannunsa.

Ya kira sakatare waje, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya, inda ba kowa.

"Ɗana, takardar da ke Katsina, me ta zo yi cikin Alƙur'aninka?"

"Hoto ne, Baba. Kwafi na yi don ajiya."

Tsoho bai yi musu ba. Ya lashi yatsa ya goga a wutsiyar harafin ƙarshe. Tawada ta biyo yatsan.

Ya dubi yatsan nan. Sannan ya ce, "Ban san abin da ka kai masu ba, amma ba wannan ba ce. Ɗiyarka a kan ƙyaure ta ƙetare, da idonka ka gani. Ni zan riƙe wannan. Ka tafi ka gyara tun majalisa ba ta zauna a kanta ba, wallahi ba mai ji a bakina."

Wace irin sutura ce ta fi wannan? Allah ya ba shi dama a bakin rafi, ya sake ba shi a ƙarƙashin darbejiya. Wata biyu cur yana da su. Amma ginin shaguna ya kai linta, saura rufi, shanu sun tafi. Kullum sai ya ce gobe. Daga baya ma ya shiga lallashin kansa: Baba Mani tsoho ne, bai iya Turanci ba, in ya shiga zauren majalisa ya ga kujeru da na'urar sanyi, bakinsa ma ba zai buɗe ba.

Ranar jin ra'ayin jama'a ta zo. Aka cika motoci uku daga Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka tafi Katsina. Aka zauna a gaban kwamitin ayyuka. Magatakarda ya karanta buƙata ta ɗaya da Turanci, ya maimaita da Hausa: kwalta a hanya kaza.

Dattijon Ƙanƙara ya waiwaya ya dubi na Faskari. Sakatare ya sunkuyar da kai yana jujjuya biro.

Sai Baba Mani ya dafa sanda ya miƙe.

"Ranka shi daɗe, ni ban yi boko ba. A duba mani saman takardar nan. Akwai bismilla?"

Shugaban kwamiti ya duba. Ya ce babu.

"To, ba tamu ba ce. Ga tamu."

Ya zaro ta daga aljihu. Aka ɗora ta a kan shafukan sa hannu, hujin fil ya hau kan huji. Aka karanta lamba ta ɗaya: gadar Rafin Tsamiya. Mutum sittin suka amsa da murya ɗaya cewa wannan ce. Shugaban ya juyo ya tambayi sakatare ko yana da magana. Mutumin da bakinsa bai taɓa mutuwa ba ya buɗe baki, ko kalma ɗaya ba ta fito ba.

Ɗan majalisar nan ya cika alkawari. Ya tsaya a kan maganar gada, ya bi ta ofis-ofis, kansiloli suna zuwa duk mako suna tuni, har ta shiga kasafi. Ranar zaman nan kuwa, a motar komawa mutane har waƙa suke don murna. Sakatare kuwa motarsa ya shiga shi kaɗai, ba wanda ya nemi ya rage masa hanya.

Ba a ɗaure shi ba, ba a doke shi ba. An karɓe alƙalami kawai. Amma ku san akwai hukuncin da ya fi ɗauri. In ya shigo majalisar hira sai magana ta mutu. Aka daina kiransa shaidar aure. In ya ce an ga wata, sai an tambayi wani. Suwaibatu ba ta bar gidan ba, amma ta ce masa magana ɗaya: "Alhaji, da 'yarmu ta faɗa ruwan nan, me za ka ce mani?" Daga nan ba ta sake tayar da maganar ba. Shagunan suna nan a bakin gona babu rufi, ciyawa ta fi tagogi tsawo, awaki ne ke kwana a ciki.

Gada kuwa an gina ta, alhamdu lillahi. Ni da ƙafata na taka ta. Daminar bara ruwa ya zo kamar yadda ya saba, ja wur, ya wuce ta ƙarƙashi. Motocin masara suka shiga har Unguwar Mani. Mata uku aka fitar a mota cikin watan Agusta, duk suka dawo da goyo. Mutumin nan ma yana bi ta kai in zai je ganin jikarsa, sai dai yakan jira tsakar rana, lokacin da ba kowa a hanya.

Ran da aka buɗe gadar, da manyan baƙi suka watse, Baba Mani ya aika aka kira kafinta. Ya ce a ɗauko ƙyauren masallaci a mayar da shi mazauninsa, a buga masa ƙusa. Kafinta ya ce, "Baba, guda nawa?" Ya ce, "Cika shi. Ba mu sake cire shi."

Ya 'yan uwa, wanda aka ba takardar jama'a, rayukansu aka ba shi. Kansila ne kai, ko sakataren ƙungiya, ko wanda aka aika da saƙon unguwa, ka isar da shi yadda aka ba ka. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka gyara jeri. Girmama sunan Allah ba a ninke takarda kaɗai yake ba, yana cikin abin da ka yi da mutanen da suka yarda da kai. In kuma ka riga ka zame, aka ba ka dama, to ka kama ta yau. Mutumin nan goben da ya yi ta jira ce ta kashe shi a tsaye.

Allah ya ba mu ikon riƙe amana. Allah ya saka wa dattawan da ke rufa asiri kafin su tona. Wanda ya zame, Allah ya karɓi tubarsa. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu, kada ya nuna mana ranar da za a tambaye mu a gaban jama'a mu rasa bakin amsawa. Amin.