Shafin Hulunan Abdulkahar

Akwai wani mutum mai suna Abdulkahar, ɗan asalin Borno, da rikici ya kawo shi Gombe shi da iyalinsa. Sana'arsa hular zanna. Ya samu rumfa a Kasuwar Gombe, ya tara mata takwas 'yan gudun hijira irinsa suna masa ɗinki a gidajensu a unguwar Madaki. Babbarsu ita ce Ya Falmata, dattijuwar da in ta gama hula sai ka rantse ba hannun mutum ba ne ya yi ta.

Da kasuwa ta fara ja baya, sai Abdulkahar ya biya aka buɗe masa shafin intanet. Shi da kansa ya rubuta abin da za a sa. Ya kawo tarihin kakansa, ya kawo sunayen zane-zane, ya zuba hotuna masu ɗaukar ido. Lambar wayarsa kuwa tana can ƙasan shafi na uku, da ƙananan baƙaƙe.

Maƙwabciyar rumfarsa, Madam Ngozika, mai sayar da atamfa, ta daɗe tana ciniki ta intanet. Ranar da ya nuna mata shafin, ta yi ta jan yatsa a kan waya, sannan ta ɗago kai.

"Malam Abdul, ya yi kyau sosai. To amma in ina son hula, ina zan danna?"

"Mai so zai nema," in ji shi.

"Ba zai nema ba fa. Sa maɓalli babba a sama, ka rubuta: Danna nan ka gaya mana girman kanka, mu aiko maka da hula. Shi ke nan. Mutum yana son a ce masa ga abin da zai yi."

Abdulkahar ya yi dariya. "Madam, hular zanna ba tumatir ba ce da za a yi ta kiran mutane. Ke ki tsaya a kan atamfarki."

Ta ɗaga kafaɗa ta koma rumfarta, ba ta sake tayar da zancen ba.

Wata huɗu suka wuce. Mutane suna shiga shafin, amma waya ba ta ƙara. Huluna suka taru a leda, dole ya daina ba matan sabon aiki. Ɗaya bayan ɗaya suka watse: wata ta koma suyar awara, wata wankau a GRA. Ya Falmata ce ta zo ƙarshe, ta ajiye masa ragowar zarensa a kan benci.

"Ɗana, zan koma wajen 'yata a Biu. Zama ba aiki ya fi aiki wahala."

Ya ce mata, "Allah ya kiyaye hanya."

Bayan sati uku wani baƙo ya tsaya a rumfar, ya ce sunansa Bilyaminu, yana da kantin kayan maza a Abuja, biki ne ya kawo shi Gombe. Ya ɗauki hula ɗaya yana jujjuyawa.

"Ashe kai ne mai shafin nan! Wallahi kafin Sallah sau uku ina shiga. Hula ɗari da hamsin nake nema, kuma duk wata zan riƙa karɓa. Na karanta labarin kakanka har na haddace, amma ban ga inda zan yi magana da kai ba. Na ɗauka shafin tarihi ne. Sai na ƙulla da wani a Maiduguri."

Abdulkahar ya dubi hulunan da suka taru a leda. Aikin da zai riƙe mata takwas shekara guda ya zo har ƙofarsa sau uku, ya koma.

Washegari ya shiga rumfar Madam Ngozika, kansa a sunkuye. Ba ta yi masa gori ba. Ta ja masa kujera, suka gyara shafin tare. Kafin sati ya zagayo, saƙonni suka fara shigowa.

Da murna ya kira Ya Falmata, ya ce ta dawo, aiki ya samu.

Ta ce, "Ɗana, na saki ɗakin da nake haya, tsufa kuma ba ya son kai-komo. Da a lokacin ne ka kira ni."

Daga cikin mata takwas, uku kaɗai ya samu suka dawo. Har yau idan mai saye ya tambaye shi irin ɗinkin da ya gani a hoton farko na shafin, sai ya ce, "Mai wannan hannun ta tafi."

Darasi: Kyawun kaya ba ya isa in mai saye bai san ta inda zai same ka ba. A shafin kasuwancinka, faɗa wa mutum abu ɗaya da zai yi, da kalmomi masu sauƙi, a inda idonsa zai fara sauka. Kuma kada girman kai ya sa ka raina shawarar wanda ya riga ka shiga hanya, domin ba kai kaɗai asarar za ta shafa ba. Ka tura wa ɗan kasuwar da ka sani wannan labari tun bai makara ba.