Kati Ɗaya, Madubi Ɗaya

Akwai wata mai rubuta manhaja da ake kira Shiru-shiru a ofishinsu. Ita da abokin aikinta Dogo aka bai wa aikin manhajar katin shiga wani ɗakin karatu.

Katin ɗaya ne, amma da an ɗora shi a kan na'ura, sassa uku na manhajar ke son karanta shi: na buɗe ƙofa, na rubuta shigowa, da na aron littafi. Ranar Alhamis shugabar ɗakin karatun za ta gwada. In bai yi ba, wasu za a bai wa aikin.

Dogo ne ya rubuta sashen ƙofa. Ya sa shi ya damƙe katin, ba ya saki.

"Ƙofa ce gaba da komai," in ji shi. "Sauran su jira."

"Har yaushe?" ta tambaya a hankali. "A gidanmu mu huɗu ne, madubi ɗaya. Yaya ce ke tsayawa a gefensa, tana tsara layi, kowacce ta duba ta matsa. Mu sa sashe guda ya riƙe katin kamar Yaya, sauran su bi layi."

Dogo ya yi dariya har da buga tebur. "Malama, manhaja muke yi, ba kwalliya ba!"

Ta koma kan kwamfutarta ta rubuta nata tsarin ta ajiye.

Ranar Laraba suka gwada da kansu. Ƙofa ta buɗe, sauran sassan suka ƙame. Sau tara. Dogo ya cire tabarau ya goge gumi, sannan ya jawo kujerarsa kusa da tata.

"Shiru-shiru... wannan Yayar taku, tana nan?"

Ta juyo masa da allon kwamfutarta, ga tsarin da ta rubuta. "Tun Litinin take jiranka."

Suka sa tsarin nata. Washegari shugabar ta ɗora kati. Ƙofa ta buɗe, sunanta ya shiga, aka ba ta littafi. Ta ce aikin nasu ne.

Da suka fito, Dogo ya sosa ƙeya. "Ina son in zo in yi wa Yaya godiya. A gida."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Sai ka zo da ladabi. Ba ta son mai kutse."

Darasi: Abin da jama'a ke buƙata tare, kada ka riƙe shi kai kaɗai. Yi amfani da shi ka saki, kuma kada ka raina shawarar mai magana a hankali. Ku tura wa wanda kuke aiki tare.