An Riƙe Makinsa, An Kori Mai Shi

Sufyanu, yayana, yau zan ba da labarinka kamar na wani, don in iya kai shi ƙarshe.

Akwai wani saurayi ɗan Deule da ya shiga wata babbar makarantar kuɗi a birni, shekarun da jami'a ke yawan rufewa. Ba wanda ke kamo shi a aji. Laifinsa ɗaya: in ruwa ya sauka sai ya gudo gida ya shuka wa mahaifiyarsa Inna Biba hatsi.

Diraktan makarantar, Gado, ya sayo odinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa. Ita ke lissafa wanda zai ci jarrabawa da wanda zai ɓata wa makaranta talla. Ta ƙidaya fashin Sufyanu, ta ce ba zai gama ba. Gado ya kira shi ofis.

"Ranka shi daɗe, damina ce," in ji Sufyanu.

"Na'ura ba ta san damina ba. Tashi."

Aka kore shi. Amma makinsa Gado bai goge ba, don shi ke ɗaga lissafin makaranta. Sufyanu ya dawo, ya shiga aikin jera duwatsun tare zaizayar ƙasa a tsaunukan Keita, ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Can birni kuwa sunansa na ta wuce aji. Ɗalibai sun ce in an kira shi, kujerar baya takan yi ƙara.

Sai wani kamfani ya ce zai tallafa wa makarantar, in an kawo masa wannan zakaran ɗalibi ya gani.

Gado ya iso Deule da mota.

"Inna, ina ɗanmu?"

"Shina nan. Ba ya zuwa ko'ina."

Ta ja shi bayan gari, ni ina biye, ta nuna masa tudun ƙasa da ƙaya a kai.

"Ga shi. Yi mai bushara."

Gado ya daɗe tsaye. Da Inna ta juya, ya dube ni, ya rage murya: "Kuna kama. Zo ka amsa sunansa."

Yaya, ni da na tsaya a firamare, sai da zuciyata ta motsa. Na ce, "Mai sunan na jin ka."

Ya koma shi kaɗai. Kafin kaka makarantar ta rufe. Wannan magana ko Inna ban gaya wa ba tukuna.

Darasi: Lissafi na iya ƙidaya fashin ɗalibi, ba ya tambayar inda ya je. Wanda ya fi son lamba da mutum, ranar da ya nemi mutum ba zai same shi ba. Ku miƙa wannan labari ga duk mai riƙe da makomar ɗan wani.