Mai Zanen da Ya Bar Fuska Sai Ƙarshe

Akwai wani mutum mai zane a wani gari, wanda hannunsa ya faɗa ƙwarai a aikin fenti da buroshi. In mai aski ya buɗe shago, shi ake kira ya zana kawuna a allon ƙofa. In mai kifi yana so a gane rumfarsa daga nesa, shi ɗin ne dai. Ya kuma san ƙa'idar sana'arsa sarai, gama tun yana koyon aiki maigidansa ya sha gaya masa, "Kafin ka taɓa fenti, ka tambayi kanka, wane ne mai hoton nan? Shi za ka fara zanawa da gawayi, ka yi shi babba, ka bar masa fili ya sha iska. Sauran duk baƙi ne, inda ya rage nan za su zauna."

Mutumin nan yana da uwa, tsohuwa ce gwauruwa. Mijinta ya rasu shekara tara ke nan, bai bar hoto ko ɗaya ba, domin shi mutum ne da ba ya yarda ya tsaya gaban mai ɗaukar hoto. Ana nan sai idanun tsohuwar suka fara dushewa. Aka kai ta wurin mai duba ido, ya duba, ya girgiza kai, ya ce ciwon ba irin wanda ake warkarwa ba ne, da wuya ganinta ya kai kaka.

Da suka dawo gida, sai ta kira ɗanta ta nuna masa bangon da ke fuskantar gadonta. Ta ce, "Ɗana, ka yi wa mutanen gari zane har sun gaji. Ni abu ɗaya nake roƙo. Ka zana mini babanka a nan, in ƙara ganin fuskarsa kafin duhu ya rufe ni."

Ya ce, "Inna, ai wannan ƙaramin abu ne. An gama."

Kashegari ya shafe bangon da farar ƙasa, ya ɗauki gawayi ya tsaya. Sai ya kasa farawa. Fuskar uba ba irin kawunan allon mai aski ba ce. In ya kuskure hanci, ko ya rasa yadda tsohon yake tsuke baki in zai yi dariya, uwarsa ce za ta fara ganewa. Tsoro ya kama shi. Ya ce a ransa, bari in fara da abin da ke da sauƙi, hannu ya saki tukuna. Ya bar fili a tsakiya, ya koma gefe ya zana bishiyar ɗorawar da ke gonar ubansa.

Ɗorawa ta yi kyau, kai ka ce za ka miƙa hannu ka tsinko. Maƙwabta suka leƙo suka yi ta yabo. Yabo kuwa, kun dai sani, ba ya ƙosar da mutum. Wani ya ce, ina rumbun tsoho? Ya zana rumbu. Wata ta ce, ai marigayi ba ya rabuwa da jakinsa. Ya zana jaki. Daga nan sai awaki, sai kaji, sai tsohon kekensa har da ƙararrawa. Kowane sabon abu sai ya ɗan ci gefen filin nan na tsakiya.

Kowace safiya tsohuwar takan ɗaga kai ta ƙura wa bangon ido, ta ce, "Babanka bai iso ba?"

Shi kuma ya ce, "Yana hanya, Inna. Wuri nake gyara masa. Gobe in Allah ya yarda."

A farkon damina tana iya ƙirga ƙafafun awakin daga kan gadonta. Da gero ya fara fid da kai, sai ta taso ta matso kusa kafin ta bambanta jaki da rumbu. Ba ta taɓa yi masa faɗa ba, shi kuwa sai ya ɗauki haƙurinta kamar yana nufin akwai sauran lokaci.

Ran da ya ƙudura a ransa zai yi fuskar, ya juyo tsakiyar bango, sai ya tarar filin da ya rage bai wuce tafin hannu ba. Reshen ɗorawa ya sauko ta sama, kunnen jaki ya shigo ta dama. Ya matse ubansa a ɗan wurin nan, ƙarami, tsakanin rumbu da keke. Sa'an nan ya kamo hannun uwarsa ya kawo ta gaban bango.

Ta duba sama, ta duba ƙasa, ta kai fuskarta har hancinta ya kusa taɓa fenti. Ta ce, "Na ga wani abu kore, na ga wani abu ja. Ina babanka?"

Ya nuna da yatsa. "Ga shi nan, Inna."

Ta daɗe tana kallon wurin. Can ta ce, "Ban gan shi ba, ɗana."

Nan ya tuna maganar maigidansa kamar yanzu ake faɗa masa ita. A ranar ya ɗauko farar ƙasa ya shafe kome, ɗorawa da jaki da awaki da keke, aikin wata huɗu. Ya jira bango ya bushe. Ya ɗauki gawayi ya zana fuskar ubansa tun daga kusa da rufi har ƙasa, ba kome a gefenta sai fili. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, hannunsa bai kuskure ko sau ɗaya ba. Kwana uku kacal aikin ya ɗauka. Ƙanwar marigayi ta shigo ta gani, ta fashe da kuka a bakin ƙofa.

Amma a cikin 'yan kwanakin nan sauran hasken idon tsohuwar ya ƙare. Ɗanta ya kai ta gaban bango, ya ɗora tafinta a kan kumatun ubansa. Ta shafa a hankali, ta shafa dama, ta shafa hagu, tana neman hanci, tana neman gemu. Fenti kuwa ba shi da tudu.

Ta ce, "Bango kawai nake ji. Ya yi kama da shi?"

Shi kuwa sai ya fashe da kuka. Ta rayu shekara biyu bayan wannan, tana kwana tana tashi a gaban fuskar mijinta, ba ta gan ta ba ko sau ɗaya.

Ma'anar wannan misali ita ce: bangon nan rayuwarka ce, kai ne kuma mai zanen. Fuskar da ya kamata ta zauna a tsakiya, Ubangiji Yesu ne, da abin da ya sa ka yi. Ku lura, 'yan'uwa, mutumin nan bai zana wani mugun abu ba. Rumbu ba zunubi ba ne, jaki ma haka. Gona da kasuwa da makaranta da hidimar biki duk abubuwa ne masu kyau, amma baƙi ne, mu kuwa mun ba su wurin mai gida. Ba rashin sani ne ya kā da shi ba, ya san ƙa'ida tun yana koyon aiki. Ya guje wa abu mai wuya ne, ya ɓuya a bayan mai sauƙi, mutane suna tafa masa.

Wani a cikinmu tuba yake ɗagawa. Wani gafarar ɗan'uwansa yake bari sai gobe. Wata ta yi niyyar zuwa duba mara lafiya tun watan jiya. Ina faɗa muku da baƙin ciki, Allah yana gafarta wa wanda ya tuba, amma ba ya komo mana da jiya. Mai zanen nan ya gyara bangonsa, ya kuma yi kyau ƙwarai, sai dai wadda aka yi dominta ba ta gani ba. Saboda haka in kun koma gida yau, kowa ya tsaya gaban nasa bangon ya tambayi kansa, wa na sa a tsakiya, wa kuma yake jirana tun idonsa yana gani?