Kwalliyar Babur Ɗin Baba Norbert

Akwai wani matashi a Dogon Dutsi mai suna Ulrich. Hannunsa ya iya aikin wayar lantarki, wannan ba a musu. Kunnensa ne dai ba ya ɗaukar magana.

Mahaifinsa, Baba Norbert, tsohon katekist ne, mai koyar da addini a coci. Shekara da shekaru yana zaga majami'un ƙauyuka a kan wani tsohon babur wanda ya girmi Ulrich. Da ciwo ya shanye masa ɓarin jiki, sai ya miƙa wa ɗansa makulli ya ce ya riƙe amana.

Shi kuwa Ulrich kunyar babur ɗin yake ji. Abokansa suna ce masa kakan babura.

Ya je kasuwa ya sayo rigar gaba ta roba mai gilashi, da fitilu ja da shuɗi, da rediyo, da kilakson, wato hon, irin na babbar mota. Ya zauna a tsakar gida yana jan wayoyi, ya bi da su ta ƙarƙashin tanki, ya haɗa su kai tsaye da batir don kiɗa ya tashi ko babu makulli. Sannan ya rufe batir ɗin da sabon murfi, ya ɗaure da kusoshi.

Kyau kam ya yi kyau. Sai dai duk lokacin da ya danna kilakson, fizibil ya katse. Wato ɗan abin nan da ke tsinkewa ya kashe wuta idan ta yi yawa. Ya sa sabo, ya katse. Ya sa wani, ya katse.

Baba Norbert yana kan tabarma yana kallo. Ya ce, "Ulrich, wanga abu ba ya katsewa banza. Ko kaya sun yi ma wayar yawa, ko tana gugar ƙarhe. Bi ta sannu ka gani."

"Baba, fizibil ɗin yanzu ne ba su da ƙwari. Na san aikina."

Da tsoho ya shiga ɗaki, Ulrich ya cire fizibil ɗin ya jefar, ya naɗa wayar tagulla mai kauri a gurbinsa. Ya danna kilakson, kaji suka watse. Ya yi dariya, wai ya gama da matsala.

Ranar Lahadi za a yi wa jikar Baba Norbert baftisma a Dumega, tsoho ya ce ko da rarrafe sai ya je. Da yake hannunsa ɗaya ba ya riƙo, Priscille matar Ulrich ta yi abin da aka saba yi wa marar lafiya. Ta kawo zane ta zagaye su biyun, ta ɗaure tsohon a bayan ɗansa, ta ƙulle tamau.

Rana ta take lokacin da suka kusa Dumega. Sai ga shanun wani makiyayi, Ja'afaru, suna ƙetare hanya. Ja'afaru ya ɗaga hannu yana roƙon a dakata.

"Jira su wuce," in ji Baba Norbert.

Ina! Mai sabon kilakson zai jira saniya? Ulrich ya ɗora yatsa ya danne, ya ƙi ɗagawa. Shanu suka firgita, suka yi daji.

Da ya ɗaga yatsan, ƙarar ba ta tsaya ba.

Ya ji warin roba. Ya duba, sai ga hayaƙi yana fitowa daga ƙarƙashin tanki, tsakanin cinyoyinsa. Ya taka birki, ya murɗa makulli. Inji ya mutu, kilakson na ta ihu, domin shi da kansa ya raba shi da makulli. Ya kai hannu wajen batir, ya tarar da murfin da ya ɗaure da kusoshi.

Tanki kuwa cike yake da mai.

"Ulrich, ƙahwata!" Tsohon ya yi ƙara. Robar waya ta narke tana ɗiga a kan wandonsa, ƙafar da ba ya iya janyewa.

Ulrich ya cafki ƙullin zane. Girgizar hanya ta ƙara tsuke shi, farcensa ya karye bai motsa ba. In ya saki babur, zai danne tsoho. In ya tsaya, wuta na hawa. Ƙafafunsa suna nutsewa cikin rairayi, ya fara kiran taimako da muryar da shi kansa bai san yana da ita ba.

Ja'afaru ya bar shanunsa ya sheƙo a guje. Ya zaro wuƙa ya yanke zanen, ya rungumo Baba Norbert ya yi baya da shi.

"Sake ta! Sake moton ka gudu!"

Ulrich ya saki ya yi tsalle. Babur ya faɗi, mai ya malalo, wuta ta tashi gaba ɗaya. Ja'afaru ya kwance rawaninsa ya danne wutar da ke cin wandon tsoho har ta mutu.

A amalanke aka kai Baba Norbert gidan likita. An yi baftisma ba shi. Ƙwaurinsa ya saluɓe, babur kuwa sai ƙarfe baƙi.

Ulrich ya durƙusa a gefen gado yana kuka. Tsohon ya dube shi ya ce, "Ka hidda fizibil ɗin ko?"

"Na hidda, Baba."

"Moto ba ta dame ni ba, ta yi zamaninta. Amma ka san abin da ka yi mata, kuma ka bari anka ɗaure ni bisa."

Har yau in Ulrich ya ga tabon nan a ƙafar mahaifinsa, sunkuyar da kai yake yi.

Darasi: Abin da ke tsayar da kai yana ce maka akwai matsala ba maƙiyinka ba ne, ko fizibil ne ko mahaifi. In ka toshe bakinsa, matsalar tana nan, kuma wanda ya yarda da kai ne zai fara ƙonewa. Ku tura wa duk wani mai cewa "na san aikina" kafin ya ɗauki wani a bayansa.