Allon Tagullar Kannamma

A wata masarautar Indiya ta zamanin da, Sarki Somabarma ya yi kwaɗayin gonar wata tsohuwa, Kannamma. Ta kawo allon tagulla mai ɗauke da shaidar cewa kakan kakansa ne ya ba danginta gonar.

Sarki ya ce, "Kawo rayayyen mutumin da ya ga kyautar. In babu, allon ƙarya ne."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, ban iya karatu ba. Me aka rubuta daga sama?"

Magatakarda ya karanta: "Sarakunan gidan nan jikokin farin wata ne."

"Ashe har wannan ƙarya ce? Bari in sanar da 'yan kasuwa."

"Dawo, Iya! Allon gaskiya ne."

"Har ƙasa, ranka ya daɗe?"

"Har ƙasa. Je ki nome gonarki."